Zama da maƙwabcin da ba yarenku ɗaya ba

Idan ka tare a unguwar da kowa da yarensa da addininsa, kada ka jira a zo maka sannu da zuwa. Ƙwanƙwasa ƙofar dama da ta hagu, ka faɗi sunanka, ka tambayi nasu, ka koyi furta shi daidai ko da harshenka zai sha wuya. Ni a wurina wannan ya fi kowace kyauta.

Sai ka lura da lokutan mutane. Wani Juma'a ce ranar ibadarsa, wani Asabar, wani Lahadi. Wani ma da dare yake aiki, da rana yake barci. In za ka yi biki, sanar da su da wuri, ka faɗi ƙarfe nawa kiɗa zai tsaya, kuma ya tsaya ɗin.

Kafin ka aika musu da abinci, tambayi abin da ba sa ci.

Rigima kuwa yawanci daga shara, wurin ajiye mota ko faɗan yara take tashi. Je ka same shi ku biyu kawai, ka tsaya kan maganar sharar. Kada bakinka ya kuskura ya ce "ai haka kuke ku". In abin ya ƙi, ku nemi wanda ya daɗe a layin, wanda dukanku kuke jin nauyinsa.