Babi na 6: Wace Burauza Za Mu Sa a Gida?

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauko wayarsa ko ya kunna kwamfutar gida. Burauza ita ce manhajar da ake shiga intanet da ita, kamar danfo da ke ɗaukar mutum daga Agege zuwa Oshodi. Mota daban, inda za a je daban.

Ku dubi hotunan. Da'ira mai ja da kore da ruwan ɗorawa, da shuɗi a tsakiya, Chrome ce ta kamfanin Google, tun 2008 ta fito. Mai dabba kamar dila ta naɗe jiki, Firefox ce ta Mozilla. Jan harafin O kuwa Opera Mini. Edge tana zuwa cikin Windows, Safari cikin iPhone.

In data ce damuwarku, Opera Mini tana matse shafi kafin ya iso wayarku, sai dai wasu shafukan sukan fito a karkace. In kwamfutar tokumbo ce daga kasuwar Computer Village a Ikeja, ba ta da ƙarfi, kada ku buɗe mata shafuka goma a Chrome, za ta yi ta nishi. Ni Firefox na sa a tawa. Wanda ya tarar da tsohuwar burauzar nan Internet Explorer ya rabu da ita, Microsoft ya daina kula da ita tun Yunin 2022.

Darasi na 2

Nan ne ake tuntuɓe, don haka a hankali. Ku buɗe Play Store, wurin sauke manhajoji a wayar Android, ku rubuta sunan burauzar. Kada ku danna komai tukuna. Ku dubi ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan, shi ne sunan mai ita. Ƙarƙashin Chrome za ku ga Google LLC. Ƙarƙashin Firefox, Mozilla. Ƙarƙashin Opera Mini, Opera. Ku ɗora yatsa a kai, ku karanta harafi-harafi, babu mai korar ku. Madalla, Hajiya. A sake: sunan burauza a sama, sunan mai ita a ƙasa. In na ƙasan bai dace ba, a koma baya.

Makon jiya wani Alhaji mai albasa a Mile 12 ya kawo mini wayarsa, talla na ta faɗowa kamar ƙudaje a mahauta. Na ce, Alhaji, ka karanta sunan da ke ƙasa? Ya ce hoton ya yi kama. Haba jama'a! Buhun albasa ma ba ku saye sai kun kwance bakinsa. Sau nawa zan faɗa? Hoto kowa na iya kwaikwayonsa. A karanta ƙaramin rubutun, sannan a danna Install don a sauke ta. Kuma duk burauzocin nan kyauta ne, wanda ya ce ku biya kuɗinsu cutar ku zai yi.

Darasi na 3

Burauza za ta tambaye ku ko ta adana kalmar sirri. In yara na taɓa na'urar, ku ce a'a, musamman ta banki.

Darasi na 4

In kun ga Update, wato sabunta burauzar, a Play Store, ku danna. Wanda bai gane ba ya same ni ranar Asabar bayan la'asar.