Yadda Ake Wasa da Ƙunshin Danne Abokin Karawa a Gasar Magic: The Gathering

Magic: The Gathering wasan kati ne, shi kuma ƙunshin danne abokin karawa tarin katuna ne da ake haɗawa don hana shi sakat har a yi galaba a kansa. Da farko, ka ƙirga katunanka tun kafin a zauna: babban ƙunshi kada ya gaza kati 60, na ajiya kuma kada ya wuce 15. Idan katuna bakwai na farko ba su zo da isassun katunan ƙasa (waɗanda ke ba ka ƙarfin jefa sauran katuna) ba, gara ka sake ɗiba, ko da za ka yi asarar kati ɗaya.

Daga nan sai haƙuri. Kada ka ƙarar da ƙasashenka a lokacinka. Ka bar wasu a miƙe, wato ba tare da ka yi amfani da su ba, domin soke abin da abokin karawarka zai jefa. Ba kowane kati ne ya cancanci sokewa ba, saboda haka ka ƙyale ƙananan halittunsa (katunan da ke kai hari) su taru, ka share su da kati guda, ka adana sokewar don katin da zai iya gamawa da kai. Sai hannunsa ya bushe sannan ka sauke babbar halittarka.

Ka riƙa duba agogo, domin zagaye yawanci minti 50 ne, kuma wasa biyu ake bukatar ci. Idan na farko ya kuɓuce, ka sallama da wuri, ka sauya katuna daga na ajiya, ka shiga na biyu.