Yadda Ake Zaɓar Hanya Daga Dajin Kakum Zuwa Dajin Mole da Mota Mai Ɗakin Kwana

Duk wanda ya mallaki babbar mota irin wadda ake kwana a cikinta, ko ya sayi bas ƙirar Sprinter ya sa aka cire kujerun baya aka kafa gado da wurin girki, ya kamata ya san cewa hanyar da taswirar waya take nuna masa ba lallai ba ne ta dace da motarsa. Taswira tana auna nisa da lokaci ne, ba ta san nauyin mota ko tsayinta ba. Saboda haka ga iyalin da ke zaune a Aboabo ko Sabon Zango a Kumasi, ko a Nima da Madina a Akara, waɗanda suke son ganin gandun daji na Kakum a kudancin Ghana da na Mole a arewacinta cikin tafiya guda, shawarata ita ce a zaɓi hanya bisa abu biyu: abin da motar za ta iya ɗauka, da garin da rana za ta faɗi ana cikinsa.

Kafin komai a kai motar wurin bakanike, kuma mutanen Kumasi suna da sa'a domin Suame Magazine, babban wurin bakanikai, yana bakin hanyar arewa. A duba birki da tayoyi da lagireto, a tanadi safaya mai lafiya da jak ɗin da zai iya ɗaga motar tana ɗauke da kaya, sannan direba ya tabbatar lasisinsa na DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, ya ba shi izinin tuƙa mota mai wannan nauyi. A rubuta tsayin motar a takarda a manna kusa da sitiyari, domin wayoyin lantarki da rassan itatuwa a ƙananan garuruwa sukan sauko ƙasa fiye da yadda ake zato.

Kakum yana kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast, kuma abin da ya fi jan mutane can shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995, wadda take ratsa saman dogayen itatuwa kashi bakwai. Mai tasowa daga Akara ya bi hanyar gaɓar teku ta Winneba da Mankessim, amma ya fita da asuba kafin cunkoson Kasoa ya kama. Bayan an gama da Kakum, taswira takan kwaɗaitar da mutum ya zarce arewa ta Twifo Praso zuwa Dunkwa. Ban ba mai babbar mota wannan shawara ba, musamman da damina. Gara a koma Cape Coast a kama hanyar Yamoransa wadda ta bi ta Assin Fosu da Assin Praso har Kumasi, domin ita ce manyan motoci suke bi, akwai gidajen mai, kuma a Assin Manso ana iya tsayawa a ga rafin da aka riƙa yi wa bayi wanka na ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Wanda yake son leƙa tafkin Bosumtwi ya sani cewa gangaren da ke sauka cikin kwarin daga Kuntanase yana da tsanani, don haka a sauka da ƙaramar giya, kada a dogara da birki kaɗai har ya yi zafi.

Daga Kumasi zuwa Mole tafiyar ta doshi kilomita 400, kuma a Techiman ne ake yanke shawara, domin nan hanya ta rabu biyu. Ta dama tana bi ta Kintampo, ta haye Baƙin Volta a gadar Buipe, sannan a mararrabar Fufulso a karya yamma zuwa Damongo da Larabanga. Ita ce na fi so wajen tafiya, saboda a kanta ne ake ganin ƙasa tana sauya kama a hankali: kurmi yana raguwa, tulin doya da buhunan gawayi suna jere a bakin titi, har a fara hango kaɗanya da ɗorawa da kuka, da jajayen suri waɗanda wasunsu sun fi mutum tsayi. Kintampo wurin kwana ne mai kyau, kuma da safe ana iya ziyartar magangarar ruwan kogin Pumpum kafin a ci gaba. Titin Fufulso zuwa Sawla, wanda a da ya yi ƙaurin suna wajen karya mota, an shimfiɗa masa kwalta da tallafin Bankin Raya Afirka, aka kammala a 2015. Abin da za a kiyaye a wannan hanya shi ne manyan tireloli masu zuwa Burkina Faso, da tuddan rage gudu da ke kusan kowane ƙauye, waɗanda doguwar mota takan goga cikinta a kansu idan ba a hau su sannu ba.

Hanya ta biyu, wato ta hagu, tana bi ta Wenchi da Bamboi da Bole zuwa Sawla, daga nan a juya gabas zuwa Larabanga. A ajiye ta don dawowa, kada a maimaita abin da aka riga aka gani. Motoci ba su da yawa a kanta, kuma daga Banda Nkwanta ana iya ratsewa zuwa madatsar ruwa ta Bui da aka ƙaddamar a 2013, kusa da gandun dajin Bui inda dorina suke zaune a kogi. Sai dai garuruwa suna nesa da juna, don haka a cika tanki a Sawla ko Bole, a kuma tambayi direbobin tasha halin titin kafin a tashi, domin su ne suka bi ta jiya.

Akwai hanya ta uku da zuciyar Bahaushe take karkata gare ta, wato tsohuwar hanyar fataken goro ta Mampong da Ejura da Atebubu zuwa Yeji, inda ake haye tafkin Volta da jirgin fito zuwa Makango a isa Salaga. Tarihin kakanninmu yana kanta, kuma hawan dutsen Mampong yana da ban sha'awa, amma ta yi zagaye ƙwarai ga mai zuwa Mole, kuma duk shirin ranar ya rataya ne a kan lokacin tashin jirgi. A ware mata tafiya ta musamman.

Lokaci ma yana cikin zaɓen hanya. Daga Disamba zuwa Afrilu ne aka fi ganin giwaye a Mole, domin ruwa ya janye, dabbobi suna taruwa a tafkunan da ke ƙarƙashin tudun da masaukin baƙi yake, ko da yake hazon hunturu yakan rage nisan gani da safe. Kowace hanya aka ɗauka, a shirya yadda za a isa masauki kafin magariba, saboda tuƙin dare a waɗannan dogayen dazuzzuka yana da haɗarin motocin da suka lalace ba fitila, da shanu a kan titi, da 'yan fashi a wasu wurare.

Idan an iso Larabanga a tsaya a ziyarci tsohon masallacin ƙasa wanda ake cewa an gina shi a 1421, ƙofar gandun kuma tana kilomita kaɗan daga nan. Kada a sa rai da wuraren jona wuta da ruwa ga irin wannan mota kamar yadda ake samu a Amurka, don haka a shigo da tankin ruwa cike, da gas, da tsabar kuɗi ko da sabis ɗin waya ya yanke. Hanyoyin cikin daji na ƙananan motoci masu ƙarfi ne, saboda haka a bar babbar motar a wurin da jami'ai suka nuna, a ɗauki hayar motar gandun ko a bi jami'in tsaro mai bindiga a ƙasa da sassafe. A kulle tagogi da ƙofar wurin girki kafin a tafi, domin gwaggon birin Mole ya saba da shiga mota neman abinci.