Kurakuran da kalmar "take" take jefa mai koyon Turkanci a ciki

Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Kaduna ya tafi karatu Turkiyya, ba kasafai yake shiga Turkanci kai tsaye daga Hausa ba. Sai ya fara juya maganar zuwa Turanci a zuci, ya buɗe Tureng, ƙamus na Turanci da Turkanci, a waya, ya cafke kalmar farko da idonsa ya gani. To a nan gizo ke saƙa. Duk wanda ya nemi "take", "almak" zai fara cin karo da ita, daga nan sai ya riƙa liƙa ta duk inda Bature zai ce "take". Baturke kuwa ya raba wannan aiki tsakanin aikatau fiye da goma, kuma a wurare da yawa rabon nasa ya fi kama da na Bahaushe.

Ita "almak" ma'anarta ta asali abu ya dawo hannunka: ka karɓa, ka ɗauka, ko ka saya. Wannan ta ukun ce ake mantawa da ita. A bakin mutane "ekmek aldım" na sayi burodi ke nan, ba sai an ce "satın aldım" ba. Saboda haka wanda ya makara ya shigo aji ya ce wa malama "otobüs aldım", da nufin a bas ya zo, abin da 'yan aji suka ji shi ne ya sayi bas sukutum. Abin hawa hawansa ake yi, kamar dai a Hausa, kuma kalmar ita ce "binmek": "otobüse bindim", "metroya bindim", "vapura bindim", "uçağa bindim", wato na hau bas, jirgin ƙasa na cikin gari, jirgin ruwa, jirgin sama.

A lura da wutsiyar sunayen nan. "Binmek" ba ta tafiya sai da ɗafa-ƙeyar nufa, wato -e ko -a. Idan wasalin ƙarshe na kalma e, i, ö ko ü ne, sai a sa -e. Idan a, ı, o ko u ne, sai a sa -a. Kalmar da ta ƙare da wasali kuma ana cusa mata y a tsakani, shi ya sa aka samu "taksiye" da "metroya". A "uçak" k ɗin ƙarshe yakan yi laushi ya koma ğ. Sauka ita ce "inmek", tata ɗafa-ƙeyar kuma ta fitowa ce, -den ko -dan, wadda kan koma -ten ko -tan bayan baƙaƙen f, s, t, k, ç, ş, h, p. Malaman TÖMER, cibiyoyin koyar da Turkanci, sukan haɗa su cikin "fıstıkçı şahap" don sauƙin hadda. Ke nan "otobüsten indim", "uçaktan indim", amma "vapurdan indim". Idan shatar tasi za ka ɗauka, "taksi tutmak" ake cewa. A cikin "dolmuş", ƙaramar bas irin ta haya, ba a buƙatar doguwar jimla: ka ɗaga murya ka ce "inecek var", akwai mai sauka, direba zai tsaya.

Kuskure na biyu ya fi na farko illa, domin yana iya juya maganar baibai. Bature da "take" yake kai mutum wuri. Bahaushe yana da "kai" da "kawo", Baturke ma yana da "götürmek" da "getirmek", kuma sun yi daidai kamar an gwada. "Çocuğu okula götürdüm", na kai yaro makaranta. "Kitabı yarın getir", kawo littafin gobe. Idan ka sa "almak" a gurbin "götürmek", jimlar ba ta lalacewa, sai dai ta faɗi wani abu daban. "Çocuğu okula aldılar" na nufin makaranta ta karɓi yaron, ta ba shi gurbi. "Onu işe aldılar", sun ɗauke shi aiki. Idan kuma aka canza ɗafa-ƙeyar zuwa ta fitowa, sai ta zama ɗaukowa: "çocuğu okuldan aldım", na ɗauko yaro daga makaranta. Gwada waɗannan biyun da za ka iya tura wa aboki: "beni havalimanına götürür müsün?" roƙo ne ya kai ka filin jirgi, "beni havalimanından alır mısın?" kuwa roƙo ne ya je can ya ɗauko ka. Mai saurin rubutu a WhatsApp da ya haɗa kan ɗaya da gindin ɗaya, zai iya zama a ɗaki da akwatinsa yana jira, abokin kuma yana can ƙofar fitowar fasinjoji yana leƙe.

Wajen lokaci Hausa ma ba ta cece mu ba, don mu ma mukan ce tafiya za ta ɗauki awa huɗu. Turkanci "sürmek" yake so: "yol kaç saat sürer?", "ders iki saat sürdü", "ne kadar sürer?". Wannan ta ƙarshen, wato tsawon wane lokaci zai ɗauka, ita za ka fi buƙata, a ofishin shige da fice, a wajen mai gyaran waya, a asibiti. Ba a hana "almak" da lokaci ba, amma tana ɗauke da ƙamshin cinye wa mutum lokacinsa: "iki saatimi aldı", ya cinye mini awa biyu, "vaktinizi almayayım", kada in cinye muku lokaci, wadda ake faɗa cikin ladabi idan za a tashi daga ofishin babba.

Jarrabawa kuwa tarko uku ne da ita. Turanci zai tura ka ga "sınav almak", Hausar "rubuta jarrabawa" za ta tura ka ga "sınav yazmak", duk biyun ba su ba ne. Shiga jarrabawa ake yi: "sınava girmek". "Yarın vizeye gireceğim", gobe zan rubuta jarrabawar tsakiyar zango. Haka "finale girmek", haka "bütünlemeye girmek" ga wanda ya faɗi aka ba shi dama ta biyu. Tarko na uku shi ne "vermek", bayarwa. Idan ɗalibi ya ce "sınavı verdim" ko "dersi verdim", cewa yake ya ci, ya haye. Ba miƙa takarda yake nufi ba, ba kuma koyarwa ba, alhali malami idan ya ce "ders veriyorum" koyarwar yake nufi. Wanda ya faɗi kuwa "kaldım" zai ce, wato na zauna, na rage a baya: "matematikten kaldım". Ɗaukar kwas dai "ders almak" ne, nan Turancin bai yi ƙarya ba. "Not almak" tana da fuska biyu, samun maki da rubuta bayani, don haka idan rubutun aji kake nufi, "not tutmak" ta fi fita fes.

Sai hoto. Bature "take", Bahaushe "ɗauka", ka ga harsuna biyu sun haɗu sun tura ɗalibi rami ɗaya. Baturke jan hoto yake yi: "fotoğraf çekmek". Harafin ç shi ne c ɗinmu na "ciniki", don haka "cekmek" za ka furta. C ɗinsu kuma j ne. "Fotoğraf aldım" na karɓi hoto ne ko na saya. Idan kana gaban masallacin Sultanahmet na Istanbul kana son wani ya ɗauke ku, ce masa "fotoğrafımızı çeker misiniz?". Akwai kuma wani bambanci da ko waɗanda suka yi nisa a koyon harshen suke tuntuɓe da shi. "Çektim" ni na ɗauka da hannuna. "Çektirdim" na sa an ɗauke ni. Wanda ya je shagon mai hoto don takardar izinin zama, "biyometrik fotoğraf çektirdim" zai ce. Haka "röntgen çektirdim", an yi mini hoton ƙashi, da "diş çektirdim", an cire mini haƙori. Ka ce "diş çektim", likitan haƙori ka mai da kanka. Wannan "çekmek" ɗin ita ce dai a "para çekmek", cirar kuɗi a na'ura, da "fotokopi çekmek", da "telefon çekmiyor", babu sabis. Amma fitar da takarda daga kwamfuta "çıktı almak" ne, kada a tambayi dalili.

Magani shi ne inda Bahaushe ya kamata ya yi watsi da Turanci gaba ɗaya. "İçmek" sha ce, kuma kusan duk abin da muke sha su ma sha suke yi: "su içmek", "çorba içmek", "sigara içmek", "ilaç içmek". "İlaç almak" daidai ce, likitoci ma suna faɗa, sai dai tana da harshen damo: "ilacı aldım" na iya zama na sayo shi a kantin magani, na iya zama na sha. Idan likita na son sanin ko maganin ya shiga cikinka, "içtim" ba ta barin shakka. Wanda yake kan magani kullum, kamar na hawan jini, "kullanıyorum" zai ce, shi ya sa tambayar da ake yi a asibiti ita ce "kullandığınız bir ilaç var mı?". Mai kantin magani kuma zai rubuta maka a jikin kwali sau nawa a rana, ya ƙara da "tok karnına", bayan an ci abinci, ko "aç karnına", kafin a ci komai. Allura ba a karɓarta da "almak": "iğne olmak", "aşı olmak".

Akwai wuraren da abin ya juye gaba ɗaya, inda Bature ke ɗauka Baturke ke bayarwa. Ɗan hutun tsakiyar aiki "mola vermek" ne ko "ara vermek". Yanke shawara ta mutum ɗaya "karar vermek", ita kuma "karar almak" an fi jin ta a labarai, idan majalisa ko hukuma ta zartar da abu. Mai fassara ya kuma kiyayi "yer almak". Kalma da kalma ta yi daidai da "take place", amma ma'anarta kasancewa a wuri ko a cikin jeri. Taro ko biki "yapıldı" ko "gerçekleşti" ake cewa. Halartar taron kuma "katılmak", da -e ko -a: "toplantıya katıldım".

Ba kullum "almak" ke zama kuskure ba, kada tsoro ya sa a guje ta. "Duş almak", "nefes almak", "izin almak", "randevu almak", "ciddiye almak", wato watsa ruwa, yin numfashi, karɓar izini, karɓar lokacin ganawa da ɗaukar abu da muhimmanci, duk lafiya lau suke. "Abdest almak" ita ce alwala, amma salla "namaz kılmak", azumi kuma riƙe shi ake yi, "oruç tutmak", duk da mu mukan ce mun ɗauki azumi. Wanka na sosai "banyo yapmak".

Gyaran da ya fi aiki shi ne a daina rubuta aikatau shi kaɗai a littafin kalmomi. Kada ka rubuta "girmek, shiga". Rubuta "sınava girmek", suna da ɗafa-ƙeya da aikatau a layi ɗaya, fassarar kuma da Hausa. Idan Tureng ya jero maka kalmomi, ɗauki wadda kake zato ka kai ta ƙamus na TDK, hukumar harshen Turkanci da aka kafa a 1932, wanda yake kyauta a intanet. Kusa da kowane aikatau za ka ga an sa -i, -e ko -den, alamar irin ɗafa-ƙeyar da yake nema ke nan, da jimlar misali a ƙasa. Minti ɗaya ya isa.

Sai dai jingina da Hausa ma tana da iyaka. "Yemek" ci ne, kuma "rüşvet yemek" cin hanci ne, "hak yemek" cin haƙƙi, har mutum ya fara sakin jiki. To a gidan kallon ƙwallo kada ka yi tsalle ka ce "gol yedik" don ƙungiyarku ta ci. A wurinsu wanda aka zura wa shi ne ya ci ƙwallon. Wanda ya zura jefawa ya yi, "gol attık".

Miƙa abu ga mutum ma da "almak" ake kuskurensa. "Al" ungo ce tsirara, ta aboki da ƙani. Ka miƙa wa mai gidan haya kuɗi ko ka miƙa wa malama takarda kana cewa "al", za a ga rashin tarbiyya, ba rashin iya harshe ba. "Buyurun" ake cewa, ita ce bismillarsu: da ita ake miƙa abu, da ita ake nuna wa baƙo kujera, da ita mai shago ke tarbar mai saye. A bakin ƙofar gidan mutane kuma takalmi cire shi ake yi, "ayakkabı çıkarmak", jirgi kuwa tashi yake yi, "uçak kalktı", ko da yake Turanci da "take off" ya haɗa su. Idan za ku rabu da aboki, "kendine iyi bak", kula da kanka, ita ce "take care" ɗinsu. Ga babba ko jama'a sai ta koma "kendinize iyi bakın".