Yadda Ake Shirya Farautar Manyan Namun Daji da Jagora a Arewacin Kamaru

Duk wanda yake son farautar gwanki, kanki ko ɓauna a arewacin Kamaru, ya sani cewa ba a harbi a cikin gandun dajin Benuwe, Faro ko Buba Njida. Ana yin farautar ne a yankunan da ke kewaye da su, waɗanda gwamnati ta ba jagorori masu lasisi haya. Saboda haka matakin farko shi ne neman jagora mai izini, wanda zai taimaka wajen samun takardar farauta daga ma'aikatar gandun daji da namun daji, da kuma takardar shigo da bindiga, tun kafin a sauka a Garwa, babban birnin yankin.

Lokacin farauta yana faɗowa ne a rani, bayan an ƙone ciyawa, domin a lokacin ne sawun dabba yake fitowa sarai a kan toka. Ana fita da asuba tare da mai bin sawu, kuma wajibi ne a kula da iska: yakan yayyafa ɗan toka daga tafin hannunsa ya ga inda ta nufa, don kada dabba ta ji ƙanshin mutum. A ganina, nan ne gwanintar aikin take.

Kada a ɗana kunamar bindiga sai jagora ya tabbatar cewa tsohon namiji ne, domin harbin mace ko ƙaramar dabba ɓarna ce ga garke. Idan dabba ta ji rauni, a bi ta har a ƙarasa ta. Daga nan a feɗe fatar da wuri, a zuba mata gishiri a shanya a inuwa, a rubuta dabbar a takardar farauta, sannan a biya kuɗin harbi kafin a fitar da ƙahon.