Yadda na samu aka canza min wayar da ta lalace

Wayar da na saya a ofishin kamfanin layina ta riƙa ɗaukewa da kanta, ko da caji a cike. Da na mayar, suka ce wai ruwa ta sha. Na ce a zare sim a leƙa ramin: akwai ɗan farin tambari da ke komawa ja idan ruwa ya shiga. Fari tas yake.

Na danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ta yi daidai da ta kwali da rasit. Na nuna bidiyon ɗaukewarta da ƙanwata ta ɗaukar min, na ce in sun ƙi zan kira 622, layin ƙorafi na NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya. Manajan ya ce, "Malam, yi haƙuri." Na cire asusuna na Google, suka ba ni sabuwa a kwali.