Yadda ɗalibar jinya za ta kula da marasa lafiya masu jin Sifaniyanci a Amurka

Duk wadda aka tura koyon aikin jinya a asibitocin Houston, Miami ko Los Angeles, ba za ta daɗe ba sai ta tsaya gaban gadon wanda Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Mutum fiye da miliyan 40 ne ke magana da Sifaniyanci a gidajensu a Amurka, don haka gara ki shirya tun kafin ki sa farar riga.

Ranar farko, kafin ki taɓa kowa, ki tambayi nas ɗin da ke kula da ke yadda ake kiran tafinta a ɗakin. Wasu asibitoci suna da tafinta a cikin asibitin, wasu ta waya ake samunsa, wasu kuma ta bidiyo a na'urar da ake turowa har bakin gado. Wannan haƙƙin mara lafiya ne: tun dokar kare 'yancin jama'a ta 1964, asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba shi da ikon tauye mutum saboda ƙasarsa ta asali, kuma harshe ya shiga ciki. Mara lafiya ba ya biyan ko sisi na tafinta.

Sai ki haddace 'yan kalmomin da ke buɗe zuciya. "Buenos días" ina kwana ce. "Soy estudiante de enfermería" na nufin ke ɗalibar jinya ce, kuma ya dace mara lafiya ya san haka. Ki ce "con permiso", wato da izininka, kafin ki ɗaga bargo ko ki kama hannu. "¿Dónde le duele?" ita ce ina ke maka ciwo. Babba kuwa da "usted", wato "kai" ta girmamawa, ake masa magana, tare da "señor" ko "señora", kamar yadda ba za ki kira sa'ar mahaifiyarki da sunanta tsirara ba. Haka kuma ki tabbatar Sifaniyancin ne harshensa, domin akwai 'yan Gwatamala da kudancin Mekziko da suka fi jin harsunan kakanninsu, irin su K'iche', Mam ko Mixteco, su kuma tafintarsu daban ce.

Wajen tantance mara lafiya ki yi hattara. Yawancinsu sunan dangi biyu gare su, na uba sannan na uwa, kuma wajen faɗin kwanan wata rana suke fara faɗa kafin wata, alhali a takardun Amurka wata ne a gaba. Ki duba shaidar asibiti mai ɗauke da sunansa da ke ɗaure a hannunsa, ki gwada da fayil, kafin ki ba da ko ƙwaya ɗaya.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne sanin iyakarki. Ɗan Sifaniyancinki ya isa gaisuwa, auna hawan jini, gyara matashin kai. Bai isa ɗaukar tarihin ciwo ba, ko bayanin magani, ko takardar amincewa da tiyata, ko bayanin sallama. Nan dole sai ƙwararren tafinta, ko da kina ganin kin fara gogewa. Haɗarin ma ya fi yawa lokacin da kika fara ji kamar kin iya. A shekarar 1980 an kai wani matashi ɗan shekara 18, Willie Ramirez, wani asibiti a kudancin Florida a sume. 'Yan uwansa suka ce "intoxicado", suna nufin wani abu da ya ci ko ya sha ne ya ɓata masa jiki. Ma'aikata suka ɗauka ƙwaya ya sha ya yi mankas. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, hannuwa da ƙafafu sun shanye, kuma aka daidaita shari'ar a kan diyyar dala miliyan 71.

A gida mun saba ɗan rakiya ya tsaya tsakanin likita da mara lafiya yana fassara. Ki ajiye wannan ɗabi'a. Miji yakan rage abin da matarsa ta faɗa, ɗa yakan ɓoye wa uwarsa mugun labari don tausayi, yaro ƙarami kuwa zalunci ne a ɗora masa tambayar jinin al'ada ko ciwon daji. Dangi su zauna, su riƙe hannu, ki girmama su, domin a wurinsu jinya ta iyali ce gaba ɗaya. Amma fassara ba tasu ba ce. Manhajar fassara ta waya ma ba ta maye gurbin tafinta.

In tafinta ya zo, mara lafiya za ki kalla, ba shi ba. Ki ce "yaushe ciwon ya fara miki?", kada ki ce "tambaye ta". Jimla ɗaya ko biyu, ki dakata. Ki bar manyan kalmomin likitanci.

Ki tambayi maganin gida ba tare da ɓata fuska ba. Da yawa suna shan shayin "manzanilla" da wasu ganyaye, wasu suna zuwa wurin "curandero", mai maganin gargajiya. In kika nuna raini za su yi shiru, alhali akwai ganyen da ba ya jituwa da maganin asibiti, kuma likita na bukatar sani.

Kada gyaɗa kai da "sí", wato eh, su ruɗe ki, sau da yawa kawaici ne. Ki roƙi mara lafiya ta bakin tafinta ya maimaita da kalmominsa: ƙwaya nawa, sau nawa a rana, wace alama ce za ta sa ya dawo asibiti. Mai ciwon suga ya nuna miki da hannunsa yadda zai ja allurar insulin. In ya kuskure, ki sake bayani ta wata hanya. Ki nemo masa takardar sallama da Sifaniyanci, ki kuma gano cikin hikima ko yana iya karanta ta.

Kafin ki tashi aiki, ki rubuta a fayil harshen da ya zaɓa, da sunan tafinta ko lambarsa, sannan ki faɗa wa nas ɗin da za ta karɓe ki da baki.